Gudu zuwa tafki a kan dutse: wa ya taɓa gwadawa?

Dan_Karantina:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hawan dutse. Wurin aikinmu za su tura mu kwas na mako ɗaya a Janeba ƙarshen watan Yuni, kuma ranar Asabar ta ƙarshe ba mu da komai. Daga Janeba zuwa garin Shamoni na Faransa, wanda suke rubutawa Chamonix, awa ɗaya da 'yan mintuna ne a mota. A saman garin akwai wani tafki mai suna Lac Blanc, wato Farin Tafki, a tsayin mita 2,352, yana fuskantar dutsen Mon Blan. Tun ranar da na ga hotonsa shekara biyu da suka wuce raina yake can. Abin da nake so shi ne in tashi daga ƙasan kwari, wajen ƙauyen Les Praz, in hau da gudu da ƙafata ba tare da talfirik ba, wato keken nan da ke ɗaukar mutane sama a kan igiyar ƙarfe. Hawan ya kai kusan mita 1,300. Ina gudun kilomita 10 sau uku a mako a bakin teku nan Jidda, kuma na taɓa yin rabin gudun fanfalaki a Riyad. Amma kun san Jidda, shimfiɗe take kamar tabarma. Wata uku ya rage mini. Zai yiwu? A ina zan yi atisaye a nan Saudiyya?

Abu_Sadik_Daif:
Wa alaikumus salam. Zai yiwu mana, ai dutse yana bayan gidanka. Ka zo Hada, kusa da Ɗa'if. Akwai tsohuwar hanyar raƙuma da ake kira Darbul Jammala, wadda ta taso daga Kar a ƙasa ta hau dutsen Kara zuwa Hada, tun kafin a yi titin mota mutanen Makka da Ɗa'if ita suke bi. An shimfiɗa ta da duwatsu, tana lanƙwasa kamar maciji. Hada ta kai wajen mita 2,000, ka ga iskar da za ka shaƙa a can ba ta da nisa da ta wurin da za ka. Duk Juma'a bayan asuba muna hawa mu huɗu. In ka shirya ka yi mini magana.

Baba_Misfala:
Ɗana, ina da tambaya, kuma ba don in sare maka gwiwa ba. Me ya kawo gudu? Wanda ya biya kuɗin mota ya je ganin halittar Allah, me zai hana shi tafiya a hankali yana kallo yana tasbihi? Shekarata 41 a Makka, na ga mutanen da aka sauko da su daga Jabal Saur a kan makara saboda gaggawa. Kana da iyali. In an ce akwai abin da ke ɗaukar mutane a kai su sama, ka hau abinka, ka ga tafkin, ka dawo lafiya.

Dan_Karantina:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta shige ni. Gaskiya ban iya bayyana shi da kyau ba, amma wurin da na isa da gumina daban yake a idona da wurin da aka sauke ni. Shekara biyar da suka wuce likita ya ce sukarina yana bakin iyaka, gudun nan ne Allah ya sa ya zama sanadin sauƙi. Ina so in ga inda ƙafar nan za ta iya kai ni.

Injiniya_Riyad:
Na yi karatu a Grenoble ta Faransa, kuma na je Farin Tafki sau uku, don haka bari in yi dogon bayani, a yi haƙuri.

Da farko cire wa ranka cewa za ka yi gudu daga ƙasa har sama. Babu mai yi, sai ƙalilan. Ko a babbar gasar nan ta UTMB da ake yi a garin duk ƙarshen Agusta, wadda ake zagaya Mon Blan kusan kilomita 170 da hawan wajen mita 10,000 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, manyan zakarun in tudu ya miƙe tafiya suke yi da sauri, hannu a kan cinya ko riƙe da sanduna. Gudu sai inda hanya ta kwanta da kuma gangara. Saboda haka maganar Baba_Misfala da taka ba su yi nisa da juna ba kamar yadda kuke zato.

Daga Les Praz za ka shiga dajin itatuwa masu tsini, hanya tana ta karkacewa hagu da dama, saiwoyi sun fito kamar jijiyar hannun tsoho. Haka za ka yi ta hawa har tashar talfirik ta Flégère, wajen mita 1,900. Daga nan itatuwa sun ƙare, sai dutse da ciyawa da rana a ka. Wannan kashi na biyu shi ne mai yaudara, don kana ganin kamar ka kusa, alhali akwai sauran hawan kusan mita 500 a kan tsakuwa da manyan duwatsu. Akwai wata hanyar ta Tré-le-Champ mai tsanin ƙarfe da aka kafa a jikin dutse. Tana da kyau ƙwarai, amma kai kaɗai kuma karo na farko, ban ba ka shawararta ba.

Sai abu mafi muhimmanci: ƙarshen Yuni da wuri ne. Zuwana na farko a irin wannan lokaci ne, na tarar rabin tafkin a daskare, dusar ƙanƙara ta rufe hanya a mita ɗari biyu na ƙarshe. Da safe tauri gare ta kamar gilashi, da rana kuma ƙafa tana nutsewa har ƙwauri. Inda ta narke ruwan shuɗi ne mai duhu, ga tsinin duwatsun da ke ƙetaren kwari sun kife a cikinsa, ga wata akuyar dutse mai manyan ƙahoni tsaye ba ta fi taku goma da ni ba tana tuƙa, ko a jikinta. Na zauna har yatsuna suka daina jin maɓallin riga. Kafin ka hau ka shiga ofishin da ke ba da labarin halin da duwatsu ke ciki a cikin garin, ka tambaye su. In sun ce akwai ƙanƙara mai santsi, ka tsaya a Flégère.

Yaro_Shara_Mansur:
Yaya Dan_Karantina me zai kai ka har Ɗa'if? Ga Jabal Nur nan, matakala ce tun daga ƙasa har kogon Hira. Ka hau ka sauka sau uku cikin dare, wallahi cinyarka za ta zama ƙarfe. Ni minti 35 nake yi.

Malam_Hindawiyya:
Yaro_Shara_Mansur, ban goyi bayan wannan ba. Ba don hawan ibada ne ba, malamai sun bayyana cewa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Dalilina shi ne mutanen da ke kan matakalar. Tsofaffi ne daga Indonisiya da Turkiyya da Pakistan da ƙasarmu, wata ta tara kuɗi shekara ashirin, tana hawa tana hutawa tana kuka. Hanyar ƙunci ce. Ka zo da gudu ka bangaje ta a gangara, me za ka ce wa Allah? Kuma wurin da aka fara saukar da wahayi ya cancanci a shige shi da natsuwa.

Yaro_Shara_Mansur:
Malam na karɓa, Allah ya saka. Ni da ma ƙarfe biyun dare nake zuwa, amma gaskiya ko a lokacin ba a rasa mutane.

Abu_Sadik_Daif:
Ga shi kuma Hajji na matsowa, shiga Makka zai koma sai da tasrihi, wato takardar izini. Wanda iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta Jidda ce ya bi hanyar da ta kewaye Makka ya taho Hada kawai. Abu ɗaya: birai. Kada ka riƙe leda a hannu, ko da babu komai a ciki. Wani babba mai farin gashi ya taɓa fizge mini ledar burodin tamis a lanƙwasa ta uku, ya zauna a kan dutse yana ci yana kallona. Komai a cikin jaka, a zuge.

Ummu_Hanan_Abha:
Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne a nan Abha, kuma duk wanda ya yi magana a sama hawa ya ambata. Waɗanda ake kawo mana, yawancinsu a saukowa suka ji ciwo. A hawa numfashi ne ke wahala, kuma numfashi da kansa zai tsayar da kai. A gangara babu mai tsayar da kai. Naman gaban cinya ne ke yin birki, yana miƙewa alhali yana ɗauke da nauyinka, kuma irin wannan aiki shi ya fi yayyaga zaren tsoka. Shi ya sa tsamin jikin ba ya tashi a ranar, sai kwana ɗaya ko biyu ya fi tsanani, ka ga ƙato yana saukowa daga bene da baya. Kafin nan ma, cinya in ta gaji ta daina riƙe gwiwa da kyau, sai ƙafa ta faɗa gefen dutse, sai targaɗe.

Abin daɗin shi ne tsoka tana koyo da wuri. In ka yi gangara mai tsawo sau ɗaya ta ba ka wuya, ta biyu bayan mako biyu ba za ta kai rabin haka ba. Saboda haka ƙanina, in ka je Hada kada ka hau da ƙafa ka sauko a talfirik kamar yadda wasu ke yi. Saukowar ita ce darasin. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a taku uku gaba, kada ka jingina baya. Ka yanke farce, ka sayi takalmi mai kaushin tafi wanda ya fi naka girma kaɗan, in ba haka ba babban yatsa zai yi ta dukan gaba har farcen ya yi baƙi ya fita. Kuma a Jidda kana da benaye. Ka samu mai hawa goma sha biyar, sau biyu a mako.

Dan_Karantina:
Anti Ummu_Hanan, Allah ya biya ki. Wallahi ban taɓa kawo saukowa a lissafi ba. Maganar iska fa? Ina jin ana cewa a sama ba ta isar mutum.

Ummu_Hanan_Abha:
A mita 2,300 abin da kake samu a kowane numfashi kamar kashi uku ne cikin huɗu na abin da kake samu a bakin teku. Za ka ji haki ya zo da wuri, gudunka zai ragu, shi ke nan ga yawancin mutane. Ciwon tsauni na sosai, mai ciwon kai da amai, ya fi kama waɗanda suka wuce mita 2,500 musamman in sun kwana a can. Mu nan Abha a kan mita 2,200 muke kwana muke tashi. Baƙi daga Jizan sukan yi kwana biyu suna cewa bene na ba su wuya, daga nan su saba. Amma tunda ka ambaci sukari, ka ga likitanka kafin tafiya, wannan ba a group za a yanke shi ba.

Zol_Maiwurno:
Salamu alaikum. Tun jiya nake karanta ku ban ce komai ba, don maganar tafki a kan dutse ta taɓa mini wani wuri. Ni haifaffen Mai Wurno ne a gefen Sinnar a Sudan, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yanzu ina aiki a Madina. Kafin rikicin Darfur na 2003, ina saurayi, na bi wani kawuna mai fataucin lemo zuwa Jabal Marra. A can akwai Dariba, bakin tsohon dutse mai aman wuta, kololuwarsa mita 3,042. A cikin ramin tafkuna biyu ne. Ɗaya babba mara zurfi mai gishiri, ɗaya ƙarami mai zurfi da ke cikin nasa ramin, mutanen Fur suna kiran ɗaya mace ɗaya namiji.

Kwana biyu muka yi muna hawa da jakuna. Ba mu san wani takalmi na musamman ba, silifas ne da sanda. Abin da ba na mantawa, matan Fur da ke wuce mu a tudu da kaya a ka, suna gaishe mu ba tare da haki ba, mu kuwa samari muna zaune muna neman numfashi. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin dutse, an tare ƙasa da jeren duwatsu. Da muka kai baki muka leƙa, iska ta kusa ture ni, ga ruwa can ƙasa kore shar, babu motsin komai. Kawuna ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya daɗe bai yi magana ba. Da dare ruwan butarmu ya yi sanyin da sai da muka ɗora shi a wuta kafin alwala. A Sudan fa.

Yau ba mai zuwa can yawon buɗe ido. Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 dutsen ya cika da waɗanda suka gudo da ransu, ga kuma zaftarewar ƙasa da ta binne ƙauyen Tarasin a ƙarshen Agustan 2025. Kawuna ya rasu. Dan_Karantina, ka je ɗan'uwa. In Allah ya ba ka ƙafa da hanya a buɗe, ka je.

Yar_Kasala:
Allah ya jiƙan kawu, ya kawo mana zaman lafiya a Sudan. Zol_Maiwurno ka sa ni hawaye. Mu a Kasala duwatsun Taka da Totil ne, sumul kamar an goge su, masallacin Khatmiyya a gindinsu. Akwai rijiyar Totil da ake cewa wanda ya sha ruwanta sai ya dawo. Amare da angwaye suna hawa su sha gahawar jabana a tsakanin duwatsu da yamma. Na sha ruwan nan ya fi sau ɗari, ina nan Jidda ina jiran dawowar.

Baba_Misfala:
Amin ya Allah. To kun ji, shi da ya je da silifas da jaki ya ga abin da har yau yake ba da labarinsa. Da gudu ya yi, da zai ga matan nan da gonakinsu? Ni dai ina nan kan bakana.

Injiniya_Riyad:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka cikin ladabi. Akwai wani amfani na sauri a irin waɗancan duwatsu. Da bazara hadari yakan haɗu bayan azahar, sararin da ke garau da safe sai ka ga ya murtuke cikin rabin awa, tsawa tana faɗuwa a kan tsinin duwatsu, kuma sama da Flégère wurin fakewa kaɗan ne. Wanda ya fita ƙarfe shida ya isa tafki kafin tara, ya zauna awa guda shi kaɗai kafin talfirik ya fara juye jama'a, ya sauko kafin hadari, ya fi wanda ya yi ta jan ƙafa har la'asar tsira. Saurin ne ya saya masa zaman. Amma na yarda da kai cewa wanda ya je ya taɓa ruwa ya duba agogo ya juyo, bai je ko'ina ba.

Direba_Suda:
Bari in ba ku nawa, don maganar hadari ta tuna mini. Ina jigilar baƙi tsakanin Abha da Suda da Rijal Alma. Suda ta kai wajen mita 3,000, kuma akwai tsohuwar hanyar ƙafa, Aƙabatul Ƙurun, da ke gangarawa daga can zuwa Rijal Alma. Wata rana ni da abokina muka ce bari mu gwada. Mun fito rana tsaka da 'yar shara, ko rigar sanyi babu, don a ƙasa zafi ake. Ba mu yi awa ɗaya ba hazo ya taso daga kwari kamar an buɗe tukunya. Itatuwan ar'ar da ke gabanmu suka ɓace, ina jin muryar abokina ba na ganinsa. Sai yayyafi, sai ƙanƙara ƙanana kamar wake. Rigata da ta jiƙe da gumi ta koma kamar an ɗora mini ƙarfe. Haƙorana suna haɗuwa, na kasa buɗe wayata don yatsu sun ƙi. Mun rasa hanya kusan awa biyu, wani makiyayi ne Allah ya turo ya ji kiranmu. Mu 'yan ƙasar zafi ƙishirwa muka sani, ita muke wa shiri. Sanyi ba mu san fuskarsa ba. Kowane hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri shida, ka ƙara iska da jiƙaƙƙiyar riga a kai.

In za ka zo Suda yin atisaye ka fara tambaya, saboda ayyukan gine-ginen da ake yi ana rufe wasu wurare.

Injiniya_Riyad:
Direba_Suda ya faɗi gaskiya, kuma ba sabon shiga kaɗai abin ke ci ba. A watan Mayun 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 21 suka mutu a gasar gudun dutse ta kilomita 100 da iska da ƙanƙara suka rutsa su da gajeren wando, cikinsu har da zakarun ƙasar. Dan_Karantina, jakarka ta ƙunshi rigar ruwa mai hula, riga mai dogon hannu busasshiya a cikin leda, safar hannu, bargon nan na leda mai sheƙi, fitila, ruwa lita ɗaya da rabi, dabino. Lambar gaggawa a can 112 ce. Ka sauke taswira a waya tun kana masauki, kuma ka gaya wa wani abokin kwas ɗinku hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji ka.

Hajiya_Sabil:
Ni tambayata ɗaya, maiɗakinka ta sani? Kada ta ji a bakin group.

Dan_Karantina:
Hajiya, ta sani, ita ce ma ta ce in tambayi mutane kafin in yanke. Sharaɗinta kada in tafi ni kaɗai. Ina neman wanda zai raka ni cikin abokan tafiya, akwai wani ɗan Masar da ya nuna sha'awa.

Malam_Hindawiyya, sallah fa? An ce rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare a lokacin.

Malam_Hindawiyya:
Haka ne, yinin yana da tsawo kuma asuba tana yi da wuri ƙwarai, don haka ka duba jadawalin garin kada ka yi aiki da na Jidda. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya cika sallah, to a Janeba cikawa za ka yi. Ranar fitarka kuwa sabuwar tafiya ce, hukuncinta yana bin nisanta, ka zauna da malamin unguwarku ku lissafa. Yadda Injiniya ya tsara maka ma, kafin azahar ka sauko. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. In ka isa bakin ruwan kana da alwala ka yi raka'a biyu na walaha, ka sa mutanen Jabal Marra a addu'a.

Injiniya_Riyad:
Ƙari a kan na Malam: tafkin yana cikin gandun da aka keɓe ne, an hana wanka a ciki. Ka ɗebi ruwan alwalarka a gora ka koma gefe. Ƙwallon dabino ma ka mayar aljihu.

Bakano_Dammam:
Ni abin da ya ba ni mamaki lissafi ne. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. Wato tafkin nan saura ƙiris ya kai shi. Mu da muke hawa Dala muna yara muna ganin mun taɓo sama! Amma ina da ja a kan batun atisaye a Hada kowane mako. Daga Jidda zuwa can da dawowa man fetur ne da yini guda, mai iyali da aiki ba zai jure ba. Ni na ce bene da zafin Jidda sun isa. Na karanta cewa wanda ya saba gudu cikin zafi jininsa yana ƙara yawa, kuma hakan na taimakawa a tudu.

Ummu_Hanan_Abha:
Bakano_Dammam, rabin maganarka daidai ne. Sabo da zafi yana ƙara ruwan jini, zuciya ta samu sauƙin aiki. Amma bene matakalarsa duk tsayi ɗaya ne, ƙafa tana haddacewa. Dutse kowane taku da kalarsa, wani yana motsi, wani ya karkace, idon sawu ne ke koyon wannan kuma ba ya koyo a kan siminti. Ba sai kowane mako ba. Sau huɗu ko biyar kafin tafiya ya wadatar, na ƙarshe ya zama saura kwana goma.

Abu_Sadik_Daif:
Kuma ba sai ya yi asarar yini ba. Ya taso daren Alhamis ya kwana wurina, mu hau bayan asuba, kafin Juma'a mun gama. Gidan ɗan'uwa ne.

Dan_Karantina:
'Yan uwa na dawo da rahoto. Jiya na je wurin Abu_Sadik, Allah ya saka masa da alheri shi da iyalinsa. Mun fara daga Kar gari bai gama wayewa ba. Minti goma na farko na yi gudu, sai na ji ƙirjina kamar ana hura wuta a ciki, na koma tafiya hannu a cinya yadda Injiniya ya ce. Abu_Sadik da ya girme ni da shekara goma yana gaba yana ba ni labarin ayarin raƙuma, muryarsa ko rawa ba ta yi. A wani wuri duwatsun hanyar sun yi sumul saboda tsufa, na tsaya na shafa ɗaya da hannu. A saukowa na gane abin da Anti take nufi. Kashi na ƙarshe cinyoyina rawa suke yi, sau biyu ƙafata ta zame, dunduniyar hagu ta yi bororo. Yau da safe da ƙyar na durƙusa a sallah.

Ban fasa ba. Amma na sauya tsari: in sun ce akwai ƙanƙara a sama, zan tsaya a Flégère in kalli Mon Blan daga nan. In hanya a buɗe take kuma cinya ta gaji, zan sauko rabin ƙarshe a talfirik. Baba_Misfala, na yi maka alkawarin zaman awa guda a bakin ruwan ba tare da duba agogo ba.

Baba_Misfala:
Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Har yanzu da za ka ji tawa da tun daga ƙasa ka hau abin hawan. Amma na karɓi awa gudan.

Yaro_Shara_Mansur:
Yaya Abu_Sadik, akwai wuri a Juma'a mai zuwa? Ina so in zo. Takalmin ƙwallo gare ni, zai yi?

Abu_Sadik_Daif:
Akwai wuri ƙanina. Takalmin ƙwallo kuwa a'a, zai zame a kan duwatsun nan. Lamba nawa kake sawa? Ina da wani tsoho 43.

Ummu_Hanan_Abha:
Dan_Karantina, kada ka fasa bororon. Ka wanke, ka rufe da filasta, ka sauya safar auduga da ta roba mai tsotse gumi. Gobe ka yi tafiya a hankali ta rabin awa a bakin teku, gudu sai ranar Talata.